Shekarar da Na Ɓoye Hita

Sanyin bana ya shigo da wuri. Tun kafin a gama kwashe dawa a gonakin bayan Panshekara muka fara rufe taga da la'asar, gwiwoyina kuwa sun riga kowa sani. Ranar Juma'ar da ta wuce 'yata Ummi ta zo gaishe ni, ta tarar da ni a tsakar gida ina bin rana da tabarma. Washegari sai ga ta a keke napep da kwali. Hita ce ta ɗumama ɗaki, fara sol, da 'yar fanka a ciki, wai ko faɗuwa ta yi da kanta take mutuwa. Ta jona ta, kafin a jima ɗaki ya ɗauki ɗumi. Ni dai na kasa zama. Jim kaɗan sai in tashi in ɗora tafin hannu a bango, daidai saman soket.

"Umma, me kuke nema a bangon nan?"

Na ce mata ba komai. Ban taɓa ba ta labarin ba, ko da yake a kanta aka yi shi.

A shekarun da masaƙun Bompai ke aiki ba dare ba rana, maigidana, Malam Sabi'u, yana sashen saƙa a ɗaya daga cikinsu. Kamfanin yana da wani tsohon gida da Turawa suka gina wa manajansu. Da manyan suka koma sababbin gidaje a Nassarawa, sai aka tsattsaga shi da bulo aka zuba ƙananan ma'aikata. Mu muka sami ciki da falo. Bango ɗaya ne ya raba mu da Yohanna, mai gyaran wutar kamfanin, mutumin Pankshin, da matarsa da muke kira Maman Ladi, da 'ya'yansu uku, dukansu a ɗaki guda. Ɗakin baya na wasu samari biyu ne masu aikin rini. A bakin get kuma akwai Baba Ilu maigadi, dattijo daga Damagaram.

Gidan don zafi aka gina shi. Rufinsa can sama, tagoginsa manya masu ƙyauren katako da ba sa haɗa baki, daɓen siminti mai santsi. Da bazara kowa na yi mana sha'awarsa. Da hunturu kuwa randa ce. Akwai murhun bango irin na Turawa a falonmu, amma an toshe mafitar hayaƙinsa da siminti tun kafin mu zo, ni dai tukwane nake jerawa a ciki. Yanzu in ka bi ta wurin ba gidan, an yi sito na kayan roba, masaƙar ma ta daɗe a kulle.

Ummi bakwaini ce. Sau biyu na yi ɓari kafin ita, kuma da ta zo ba wanda ya yi saurin yi mini barka. Mun yi sati uku a asibiti. Ranar da za a sallame mu, wata ma'aikaciyar jinya ta riƙe ni a ƙofa ta ce abu biyu za ta gaya mini: kada yarinyar nan ta shaƙi hayaƙi, kada kuma ta yi sanyi, don huhunta bai yi ƙwari ba. Innata ta zo daga Ringim ta yi mini wankan jego, ɗakin kullum da tururi. Da arba'in ta cika ta koma gida. Ba ta yi sati da tafiya ba sanyi ya sauko.

Ban sake ganin irinsa ba sai bana. Man shanu ya daskare a kwalba sai an haƙa da cokali. Ruwan randa in ka sa hannu har cikin haƙori za ka ji shi. Dugadugaina suka yi faso har suna kama tabarma. Da jiniyar masaƙa ta ƙarfe shida ta kaɗa, sai ka ga ma'aikata a kan kekuna, safar ƙafa a hannu, tawul naɗe da kunne, ba mai yi wa wani magana. Baba Ilu kan hura wuta da kwalaye da fasassun katako a bakin get, masu wucewa su tsaya su gasa tafin hannu su wuce. Kalanzir ya yi wuya, a wuni a layi a dawo da galan wayam. Masaƙa kuma ta fara rage mutane, duk ƙarshen wata sai an liƙa takardar waɗanda aka sallama. Tuwon dawa da miyar kuka muke ci, da safe ɗumame, ni ga shayarwa, kafin azahar cikina ya fara ƙugi.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, kafin asuba, lokacin da sanyin ke kai matuƙa, in na taɓa ƙafar Ummi sai in ji ta kamar ƙarfe. Ba ta kuka. Dunƙulewa take yi ta ƙi kama nono, wannan shirun kuwa ya fi kuka tayar mini da hankali.

Ba abin da ban gwada ba. Na fara da kasko: in hura gawayi a waje har ya yi ja, sannan in shigo da shi. Kwana biyu ta fara tari, wani siririn tari kamar na kyanwa, na fitar da shi. Na kunna risho a tsakiyar ɗaki, warin kalanzir ya cika ko'ina, kuma ɗan abin da ke akwai na girki ne. Na cika kwalabe da ruwan zafi na naɗe da zane na jera mata, kafin awa guda sun huce, wata rana ɗaya ta tsiyaye ta jiƙa shimfiɗar. Na cusa tsummokaran masaƙa a duk wata kafa ta taga. Malam ya kawo barguna uku irin masu tabo da ake sayar wa ma'aikata. A nan na gane bargo ba ya ba da ɗumi, naka yake riƙe maka, ita kuwa ba ta da shi balle a riƙe mata.

Wata rana da hantsi na shiga wani ɗan sito a bayan kicin ina neman buhun da zan toshe ƙasan ƙofa. A ƙarƙashin karyayyun kujeru na ci karo da ita: tsohuwar hitar Bature, ƙarfe mai lanƙwasa kamar rabin faranti, da sanduna biyu, igiyarta naɗe da baƙin zare. Na goge ta, na leƙa ba kowa, na jona. Sandunan suka yi ja, ɗumi ya bugi ƙwaurina.

Na san doka. Watanni kaɗan kafin nan wani gidan kamfanin ya yi gobara, aka liƙa takarda a barandar kowane gida: duk wanda aka kama da hita ko murhun lantarki zai bar gidan, aikinsa ma sai an duba. Tamu takardar Malam ne da kansa ya liƙa ta. Na taɓa yi masa zancen a kaikaice, ya ce, "In aka kore ni, ko gawayin da me za mu saya?" Don haka ban gaya masa ba. A watan yana aikin dare, ya fita bayan isha'i, ya dawo bayan jiniyar shida. Kafin ya shigo hitar ta huce, tana ƙasan akwatin ƙarfena na aure, zannuwa a kanta.

Ranar farko da na kunna ta kafin asuba, ina kallo Ummi ta saki yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ta miƙe ƙafa. Ta kama nono ta sha har ya zubo ta gefen bakinta. Na ce a raina, kowace irin doka ce, ta jira.

A rana ta uku, ana gab da kiran salla, wuta ta ɗauke. Na leƙa ta taga, gidajen maƙwabta duk da haske, mu kaɗai ne a duhu. Bayan kamar rabin awa ta dawo. Washegari haka, jibi ma haka. Lokacin kuma shi ne daidai sa'ar da masu aikin safe ke neman takalmi da kofin shayi, ana laluben buta a duhu. Gida ya ɗauki ƙorafi. Aka fara zargin samarin ɗakin baya, wai suna dafa ruwan wanka da lantarki. Suka rantse, suka buɗe ɗakinsu kowa ya gani. Su kuma suka ce a dubi mai shayin bayan katanga, ko ya jawo waya ta ƙarƙashin ƙasa. Baba Ilu ya bi katangar da sanda bai ga komai ba. Mutanen da suke cin abinci a kwano ɗaya suka koma kallon ƙasan ƙofar juna, ana duba wa ke da haske, wa ke da ɗumi.

Ni tsorona daban ne. Na ɗauka hitata ce ke kashe wutar, amma in haka ne, wa ke dawo da ita?

A kwanakin nan ne Maman Ladi ta fara zuwa ɗakina. Da can gaisuwarmu a bakin famfo take ƙarewa. Yanzu kusan kullum da hantsi sai in ji sallamarta.

"Maman Ummi, ya kwanan yarinya?"

"Lafiya lau."

"Ɗakinki da ɗumi kuwa."

"Barguna ne," na ce, ina tsaye a bakin ƙofa, hannuna a kan labule.

Idonta ba ya tsayawa a fuskata. Ya bi bango, ya sauka kan soket, ya koma kan akwati. Wani lokaci har hanci take ɗan ja. Ta ce tana so mu zauna mu yi magana, na ce ruwa na kan wuta. Da ta tafi sai in zauna ina lissafi: su biyar a ɗaki ɗaya, mu uku a ciki da falo. In aka kore mu, wa za a ba? Amsar a fili take, ko kuwa haka na gani.

Rannan ta zo da wani abu ƙunshe a tsohon zane. Duwatsu ne uku, baƙaƙe, masu sulɓi, kowanne kamar ƙwan jimina, da zafinsu.

"Daga gida na zo da su," in ji ta. "A wurinmu sanyi ya fi nan. Ki gasa su a murhu, ki naɗe, ki ajiye kusa da ita. Suna daɗewa ba su huce ba."

Na karɓa na yi godiya. Tana juya baya na tuna maganar Inna, cewa mai jego ba ta karɓar abin da ba ta san asalinsa ba. Baƙin dutse, daga hannun wadda nake ganin tana neman ɗakina, a ajiye a kan bakwaini? Ko ɗaki ban shiga da su ba. Na zagaya na jefa su bayan katanga, na wanke hannu da toka.

Kwana biyu bayan haka, da wutar ta ɗauke, na lallaɓa na sa ido a tsagar taga. Akwatin fis ɗin gidan, wanda in an zare shi wuta ke ɗaukewa, yana baranda, na katako. Ga Yohanna tsaye a gabansa da tocila, sanye da kwat, fis ɗin tangaran a hannunsa. Ya tsaya yana duba agogo. Da lokaci ya yi ya mayar, haske ya dawo, ya shige ɗakinsa ba motsi.

Zuciyata ta tafasa. Ashe ya sani. Ya san akwai jaririya, ya san abin da ke riƙe da ita, yake fitowa da gangan yana yanke mata ɗumi a lokacin da sanyi ya fi tsanani. Na ce wannan mugunta ce tsagwaronta: matar tana leƙe da rana, mijin yana gasa mini aya a hannu da asuba, sai na gaji na tona kaina. Kuma ba ni da bakin kai ƙara.

Ba ni kaɗai na gan shi ba. Baba Ilu ma ya gani, ya tari Malam a get ya gaya masa. Malam ya shigo, auduga duk a gashinsa, ya tambaye ni ko na ji wani motsi. Da na yi shiru da ya fi. Sai na ce, "Ni ma na gan shi da idona."

Malam mutum ne mai sanyin hali, amma tsoron rasa aiki ya sa shi ya zama wani iri a shekarar. Bai ko karya ba ya tafi ofishin gidaje. Da la'asar sai ga Malam Garba, jami'in da ke kula da gidajen kamfani, a kan babur. Aka taru a baranda. Ni ina bayan labule, Ummi a kafaɗata.

"Yohanna, an ce kai kake cire fis," in ji Malam Garba.

"Ni ne, Malam."

"Dalili?"

"Waya na yin zafi. Wayar gidan nan ta tsufa, robar jikinta ta zama gari. Fis ɗin kuma wani ya taɓa ɗaura masa waya mai kauri, ko gidan zai ƙone ba zai tsinke ba. Shi ya sa nake cirewa ta huce."

"To me ke sa ta zafi?"

"Akwai abin da ke jan wuta da yawa."

"A ɗakin wa?"

Na ƙanƙame Ummi. Na ce shi ke nan, ga abin da suke jira. Yohanna ya ce, "Ban shiga ɗakin kowa ba, Malam."

Maigidana ya miƙe. "Ɗakin wa kuwa in ba naka ba? Wa ke kawo fankoki da injinan mutane gida yana gyarawa? Kana shan wutar kamfani kana aikin kanka, in ta yi maka yawa ka bar mu a duhu da jaririya. Kai ɓarawo ne, ɓarawon wuta."

Ladi, babbar 'yar Yohanna, tana tsaye a wurin riƙe da hannun ƙanenta. Yohanna bai dubi Malam ba. Ita ya duba, ya ce, "Ku shiga ciki."

Aka bincike ɗakinsa. Aka fito da fanka biyu na mutane, da wani ɗan inji, da ƙarfen liƙa waya. Ya ce waɗannan ba sa jan abin da zai gasa waya, amma Malam Garba ba ma'aikacin wuta ba ne, abin da ido ya gani shi ya rubuta. Da suka zo ƙofata Malam Garba ya ce, "Nan mai jego ce, ba sai an shiga ba." Ya ba Yohanna zuwa ƙarshen wata ya tashi, ya ciro kwaɗo daga aljihu ya garƙame akwatin fis, ya tafi da makullin.

Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Na ɗauka ya ƙi ambaton ɗakina ne don ba shi da shaida. Na ce gobe dai 'yata za ta wayi gari cikin ɗumi.

Washegari na kunna ta kamar kullum. Aka kira salla, wuta ba ta ɗauke ba. Gari ya fara wayewa tana ci. Na ɗan ji wani wari kamar na ƙonannen kifi, na ce daga waje ne. Jiniyar shida na kaɗawa aka banko labulena ba sallama. Maman Ladi ce, ko ɗankwali babu. Ta wuce ni, ta naɗe hannu da bakin zanenta, ta fizge igiyar daga bango.

"Ba ni hannunki."

Kafin in yi magana ta kama wuyan hannuna ta manna tafin a bango, saman soket. Na janye da sauri. Bangon kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Fentin ya kumbura, gefen soket ɗin ya yi baƙi ya fara lanƙwasa. Gadon da Ummi ke kwance a jingine yake da wurin, bargo uku a kanta.

"Tun rana ta biyu Baban Ladi ya sani," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Bangon nan ɗaya ne da namu. Kan 'ya'yana yana bayansa. Kullum hannunsa na kai, in ya ji ya fara yawa sai ya fita ya cire. Yau ba makulli. Ga shi can a baranda da bokitin yashi tun da kika kunna."

Na ce, "Me ya hana shi faɗa?"

"Ya faɗa wa wa? Ke matar aure ce, mijinki ba ya nan. In ya gaya wa mijinki, ko ya ƙwace abin, ko a kore ku da bakwaini cikin sanyin nan. Ya so ya sa wa fis ɗin waya ta daidai, ya ce in ya yi haka kina jonawa za ta tsinke, yarinya ba za ta sami ko minti biyar ba. Sai ya ce in zo mu yi magana mace da mace. Sau nawa na zo? Kina tare ƙofa kamar na zo da ƙyanda."

Na sunkuyar da kai.

"Duwatsun da na kawo miki fa?"

Na ɗauke Ummi daga kan gadon.

"Na gan su a bayan katanga," ta ce. "Na kwashe abina."

Ta fita. Ban mayar da hitar akwati ba. Na ajiye ta a tsakiyar ɗaki na zauna ina jira. Da Malam ya shigo ya tsaya ya daɗe yana kallonta. Na nuna masa bangon. Ya taɓa, ya dubi gadon, ya zauna a ƙasa ko takalmi bai cire ba. Na gaya masa komai tun daga sito.

"Da kika ce kin gan shi, kin san abin da yake yi?"

"Na ɗauka mugunta ce."

"Amma kin san abin da ke jan wutar."

"Na sani, Malam."

"Kika bar ni na kira mutum ɓarawo a gaban 'ya'yansa."

Bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki hitar a hammata, bai rufe ta da komai ba, ya bi ta gaban Yohanna da Baba Ilu da duk masu shiga aikin safe, ya nufi ofis.

An dakatar da shi sati biyu. Ba a kore mu ba, ina jin don Malam Garba ba ya son manya su ji labarin wayar gidan, wadda ashe Yohanna ya sha rubuta masa takarda a kanta. Ya yaga takardar tashin Yohanna, ya riƙe hitar, ya sa aka yanke wutar ɓangarenmu har sai an ja sabuwar waya. Sauran sanyin a duhu muka yi shi, da fitilar ƙwai.

A ranar da yamma Maman Ladi ta dawo da duwatsun. Ta nuna mini yadda ake tura su cikin garwashin girki, a juya, a ciro da cokali mai tsawo, a naɗe da zane ninki biyu, a ajiye tazarar taƙi ɗaya daga jikin yarinya. Ta sa na tuɓe wa Ummi komai sai hula, ta kwantar da ita a ƙirjina fata da fata, ta ɗaure mu tare da zane, sannan na sa riga a kai.

"Ke ce hitarta," ta ce. "Dutse taimako ne."

Haka muka yi. Da yake Malam ba ya zuwa aiki, shi da Baba Ilu suke tsinto fasassun katako a bayan masaƙa. Kafin asuba ya hura wuta a waje ya gasa duwatsun, ya shigo da su yana hura yatsu, ya karɓi waɗanda suka huce. Magana tsakaninmu ta yi ƙaranci, amma bai taɓa makara ba. Abinci ya ƙara ja baya a satuttukan nan, wata rana koko ne safe da rana. Maman Ladi kan aiko da gwate a kwanon sha, da zafinsa, wai na mai shayarwa ne. Nakan ci ina jin kunya, amma ina cinyewa. Ummi ta fara nauyi. Kafin sanyin ya janye kukanta har baranda ake ji.

Malam ya ɗauki Baba Ilu suka je ƙofar Yohanna ya ba shi haƙuri a gaban mutanen gida. Yohanna ya ce, "Ya wuce, Malam Sabi'u." Da aka ba da waya daga sito, shi ya ja mana ita da hannunsa, ya sa sabon soket, ya gwada, ya tattara kayan aikinsa ya fita. Amma bai sake zama a bencin baranda inda su biyun kan saurari rediyo da yamma ba. Maganar kuma ta riga ta fita get. Yaran layin suka sa wa Ladi da ƙannenta suna, 'ya'yan ɓarawon wuta, har makaranta. Malam ya bi gida-gida yana gaya wa iyayensu gaskiya, amma sunan ya riga ya kama.

Da zafi ya fara shigowa Yohanna ya sami aiki a wani kamfanin roba a Sharada, ya kama ɗaki a can. Ranar tashinsu a-kori-kura ta zo da hantsi. Malam ya fito ba wanda ya kira shi, ya kama ɗaukar kaya. Na fito da Ummi, na dunƙule ta cikin rigar sanyi da hula biyu duk da rana ta ɗaga. Maman Ladi ta karɓe ta, ta cire hulunan, ta shafa kanta da ya jiƙe da gumi.

"Bar ta ta sha iska, Maman Ummi. Sanyi ya wuce."

Tun da muka zo gidan ban taɓa yi wa Yohanna magana ido da ido ba. Na ja mayafi na matsa kusa da motar.

"Baban Ladi, ku yafe mini."

"Ke tsoro ne ya sa ki," ya ce. "Wannan na gane shi."

Ni ma na san sauran maganar ba tawa ba ce, tsakaninsa da Malam take. Ya hau bayan motar ya zauna a kan katifa. Malam ya ɗora ƙarfen gado na ƙarshe, ya ja igiya ya ɗaure, ya sake jijjigawa ya ga ta kama. Direba ya tayar da mota. Maimakon ya ja baya, sai Malam ya kama ƙarfen motar ya ɗora ƙafa.

"Za a buƙaci mai sauke kaya a can," ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba.

Yohanna ya dube shi. Sannan ya janye akwatin kayan aikinsa, ya matsa ya ba shi wuri.